Mai Busa Kilarinet da Ciwon Muƙamuƙi: A Daina Haɗiyar Ƙwaya Kafin Fareti

Akwai wata shawara da ke yawo a tsakanin 'yan badujala, na soja da na 'yan sanda har da na majami'u, wadda na gaji da jin ta a ɗakin duba marasa lafiya. Wai in muƙamuƙinka na ciwo, ka haɗiyi ƙwaya biyu minti talatin kafin fareti, ka sa robar haƙorin da likita ya ba ka, ka busa kilarinet ɗinka lafiya lau. Wanda ya fara wannan magana bai san gaɓar muƙamuƙi ba, bai kuma san aikin robar ba.

Gaɓar tana nan gaban kunne. Tsakanin ƙasusuwanta akwai ɗan faifan guringuntsi da ke zamewa duk lokacin da aka buɗe baki, sai jijiyoyin tauna a kunci da gefen kai. Ciwon yakan taso daga jijiyoyin, ko faifan, ko duka biyun. Mai kilarinet yana ɗora haƙoransa na sama a kan bakin abin busar, ya naɗe leɓen ƙasa a kan haƙoran ƙasa, ya riƙe muƙamuƙi a wuri guda na tsawon lokaci. In ya gaji ko yana neman sauti mai tsini, sai ya koma cizo. Cizon nan ne ke wahalar da gaɓar. Mai algaita, da yake bakin algaitar na shigewa ciki ne kumatu su yi aikin, ba ya shan irin wannan matsi.

Robar da muke yi wa majinyaci yawanci ta dare ce. Aikinta ta raba haƙoran sama da na ƙasa ga mai cije baki cikin barci. Kaurinta na canja yadda haƙora ke kama bakin kilarinet, sai mutum ya ƙara cizo don iska kada ta tsere. An je neman sauƙi an ƙaro nauyi. Cire ta in za ka busa, sai fa idan likitan da ya yi ta ne ya ce ka riƙa sa ta dare da rana, kuma a wannan hali shi za ka tambaya ko lokacin busa ya yi.

Batun ƙwayar ya fi damuna. Ciwo shi ne ke gaya maka ka sassauta. In ka danne shi da ibuprofen ko diclofenac ka tsaya awa uku cikin rana kana busa, gaɓar na ci gaba da wahala ba ka sani ba, da daddare ka kasa buɗe baki ka sa lomar tuwo. Waɗannan magunguna muna ba da su na ɗan gajeren lokaci, bayan an ci abinci, tare da hutu. Shan su kullum kan jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga wanda ke zufa a filin fareti bai sha ruwa ba. Wasu ma har tramadol suke karɓa a kemis. Ina roƙonku da girman Allah ku bari. Ciwon muƙamuƙi bai kai a ɗauko masa jarabar da ta fi shi wuyar magani ba. Kuma shugabannin badujala da ke cewa yaro ragwanci yake in ya nemi hutun mako biyu, su sani su ne ke tura shi kemis. Wanda ya gurɗe a ƙafa ana ɗaga masa maci. Ban ga dalilin da zai sa a hana mai busa irin wannan ba.

Ba na ce a ajiye kilarinet har abada ba. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba. In ciwon ya tashi da zafi, a huta kwanaki har ya lafa. A dawo da busar minti goma zuwa sha biyar, a tsaya, a saki baki: leɓe a rufe, haƙora ba sa taɓa juna, harshe a ganɗa. A rage ƙarfin rid, wato siririn karan da ke kaɗawa. Mai amfani da lamba 3 ko 3.5 ya sauko zuwa 2 ko 2.5, sautin zai ɗan yi laushi amma cizo zai ragu. A manna wata 'yar roba mai laushi a saman bakin kilarinet inda haƙora ke sauka, a rataya igiyar wuya don nauyin ya bar babban yatsa. A ɗago abin busar zuwa baki, kada a miƙa wuya gaba ana bin sa. Dogayen sautuka na ƙasa su ne na farko, masu tsini su jira. Kafin busa da bayanta a gasa kunci da tsumma mai ɗumi. Goro, rake, kilishi, busasshiyar aya da cingam, a ɗaga musu ƙafa tukuna.

Ƙarar ƙas-ƙas a muƙamuƙi kaɗai, in babu ciwo, ba ta hana busa, mutane da yawa na da ita. Amma in baki ya maƙale, ko ya kasa ɗaukar yatsu uku a tsaye, kimanin milimita 40, ko ka ji haƙoranka sun daina haɗuwa yadda ka saba, ko gaban kunne ya kumbura, ajiye busar ka nufi sashen haƙori da muƙamuƙi, irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Kada ka yarda wani ya fara goge maka haƙora ko cire su da sunan daidaita cizo tun ba a gwada hutu da fisiyo ba, don abin da aka goge ba ya dawowa. Ranar zuwa asibiti ka tafi da kilarinet ɗin, likita ya ga yadda kake kama shi da baki.