Saitin Madubin Bindiga da Iyakar Nisan Harbi

Wani maharbi daga Kwali ya aiko da tambaya, yana kukan cewa tun da ya ɗaura wa bindigarsa madubin hangen nesa harbinsa ya lalace, ko dai harsashi ya faɗi ƙasa da inda ya auna, ko kuwa ya sami gada a cinya ta shige kurmi da rauni. To, Malam, illar ba ta madubi ba ce. Madubi yakan jawo dabba kusa da ido har mutum ya ga ƙiftawar idonta, sai zuciya ta raya masa cewa ta zo hannu, alhali tazarar da harsashi zai keta tana nan yadda take, kuma tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take janyo shi, ta yadda a cikin rubu'in daƙiƙa zai sauka kimanin santimita 30, a cikin rabin daƙiƙa kuwa ya haura mita guda.

Ina ɗauka dai kana da lasisi, domin Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora izinin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka a hannun kwamishina, irin ta soja kuwa sai da amincewar Shugaban Ƙasa, haka nan gandun daji irin su Kainji da Gashaka-Gumti haramtattu ne ga mafarauci.

Farkon abin yi shi ne ka duba kusoshin da suka riƙe madubin, saboda galibin abin da ake kira rashin saiti kwancewar kusa ce kawai. Sa'an nan ka nemi fili mai tudu ko gangaren dutse a bayansa, wanda zai tare harsashi, ka auna mita 100 da igiya, kada ka dogara da ƙiyasin ido, ka kafa kwali mai ɗigon baƙi a tsakiya. Ka aza bindigar bisa buhun yashi, ka bar kamar faɗin yatsu huɗu tsakanin idonka da madubi, don kada ya sare maka gira idan bindiga ta yi baya, ka yi harbi uku a natse ba tare da ka taɓa kome ba. Tsakiyar hujojin nan uku ita ce shaida, kuma hukunci da harbi ɗaya gaggawa ce. Maɓallin sama shi ke ɗaga harbi ko ya sauke shi, na gefe kuwa yana kai shi dama ko hagu, kowane ƙas da ka ji yana gusar da harsashi kimanin milimita 7 a wannan tazara a yawancin madubai, a wasu kuma santimita guda cif, galibi kuma an rubuta adadin a jikin maɓallin. Idan harbinka ya sauka santimita 7 ƙasa da ɗigon, ƙas goma ke nan a madubi na farko, bakwai a na biyu. Ka bari bindiga ta huce, ka sake uku.

Wannan aiki da sanyin safiya ake yinsa, kafin zafin rana ya tayar da kawalwalniya bisa fako, wadda ke sa abin da aka auna ya yi ta rawa a cikin madubi, kuma kafin iskar hunturu ta taso, domin iskar da ke bugowa daga gefe tana ture harsashi, turewar kuwa tana ninkuwa fiye da ninkuwar tazara.

Akwai kuma mas'alar fiƙihu da nake ganin maharba sun yi wa riƙon sakainar kashi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, dabbar da aka riska da sauran rai alhali ba a same ta a makasa ba sai an yanka ta kafin ta halatta, wadda kuma ta ɓace ta kwana aka tsince ta matacciya ba a ci, ko da an yi bisimilla lokacin harbi. Harbin nesa shi ya fi jawo wannan hali, a azabtar da halittar Allah, kuma a yi asarar nama. Saboda haka iyakarka ita ce tazarar da kake iya zuba harbi uku a cikin faɗin tafin hannu, a tsaye ko a durƙushe kamar yadda za ka yi a daji, kana auna bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke. Dabbar da ta wuce nan sai a yi mata sanɗa.

Dazuzzukan Kuje da Abaji da Bwari yanzu cike suke da gonaki da rugage, harsashin da ya kuskure kuwa yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu, don haka kada ka harbi dabbar da ke tsaye a kan tudu, wadda babu kome a bayanta sai sararin sama. Duk lokacin da bindiga ta faɗi, ko ta sha jijjiga a bayan babur, ko ka sauya irin harsashi, sai ka koma ga kwalin nan ka sake gwaji kafin ka fita.