Yadda ake ganin ƙwayar halitta da albasa ɗaya

Ɗalibai da yawa a Maiduguri sun haddace zanen ƙwayar halitta tsaf saboda jarrabawar WAEC da NECO, amma ba su taɓa ganin ta ido da ido ba. Abin yana damuna, domin kayan aikin ba su da yawa: maikroskof, gilashin ɗora samfuri da siririn murfinsa, reza, aidin, gishiri, da jar albasa ɗaya daga kasuwar Gamboru.

Da farko ka raba albasar huɗu, ka ɓalle ɓawo ɗaya mai nama. A cikinsa akwai tantani fari, siriri kamar yanar gizo. Sa farce ka ɗago shi, ka yanko ɗan abin da bai kai rabin farcenka ba. Shimfiɗa shi a kan ɗigon ruwa a tsakiyar gilashin, kada ya naɗe. Yi sauri, don zafin garin nan da iskar hunturu ba sa jira. Kafin ka ankara ya bushe.

Sai ka ɗiga aidin sau ɗaya. Kafa gefen murfin tukuna, sannan ka kwantar da shi a hankali. Idan ka sake shi gaba ɗaya, kumfar iska za ta maƙale, kuma yara kan ɗauka waɗannan baƙaƙen zobban su ne ƙwayoyin.

Ɗora gilashin a maikroskof, ka fara da ƙaramin idonsa mai ninki 100. In babu wuta, juya madubin ƙasa ya kalli taga, amma kada ka taɓa saita shi da rana kai tsaye, yana illa ga ido. Za ka ga ɗakuna jere kamar ginin bulo, su ne ƙwayoyin. Irin wannan tsari Robert Hooke ya gani a ɓawon itace, ya wallafa a 1665. Koma ninki 400. A kowane ɗaki akwai ɗigo mai duhu: nukiliyos ke nan, wanda Robert Brown ya raɗa wa suna a 1831.

Tsaya nan ka yi wa yara bayani, domin wannan ɗigo shi ne fadar. A ciki DNA take, kuma ba ta fita. Kwafin umarninta ake aikawa ta ƙananan ƙofofi zuwa ga ribosom, su kuma su haɗa furotin ɗin da ke gudanar da ayyukan ƙwayar. Mitokondiriya na sarrafa sukari ta ba da ƙarfi. Ribosom dai sun yi ƙanƙanta, maikroskof ɗin makaranta ba zai nuna su ba. Koren ganye mai kama hasken rana ma babu, tunda kan albasa a ƙasa yake girma.

Saura gwajin da na fi so. Ɓaro jan tantanin bayan ɓawon, ka ɗora a sabon gilashi da ruwa kawai, ban da aidin, don yana kashe ƙwayar. Ɗiga ruwan gishiri a gefen murfin, ka sa tishu a ɗaya gefen ya jawo shi. Cikin 'yan mintuna jan launin zai tsuke, ya janye daga bango, domin tantanin ƙwayar ya bar ruwa ya fita. Maimaita da ruwa zalla, ka bar kowane yaro ya leƙa ya ga launin yana kumbura har ya sake cika ɗakin.