Wuta ba tare da buji ba

Ku ɗauki famfon keke, ku toshe bakinsa da yatsa, ku yi ta dannawa da ƙarfi. Ku taɓa shi: ya yi zafi. In an matse iska, zafi take yi.

Haka injin gazuwal yake aiki. Fistan yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai, a fesa gazuwal, sai ya kama da kansa. Rudolf Diesel ya ƙera shi a Jamus a 1897. Injin isansi kuwa, sai buji ya ba shi tartsatsi.

A 2019 kamfanin Mazda na Japan ya fito da injin isansi mai aiki da matsi. Buji yana kunna kaɗan, matsi ya kunna sauran, shan mai ya ragu.

Akwai kuma injin Wankel na 1957. Ba shi da fistan: ƙarfe mai kusurwa uku ne yake juyawa a cikinsa. Ƙarami ne marar nauyi, ya dace da ƙananan jiragen sama, amma yana shan mai, kuma matsinsa bai kai na injin gazuwal ba. In aka gyara wannan, jirgi zai yi nisa da ɗan mai.

Tambayoyi
1. Mi ya sa famfo ya yi zafi?
2. Mi ne ne aikin buji?