Kada A Ɗaure Bakin Mai Gadi

Duk shekara, da ruwa ya sauka a Kagarko da Jere, sai koke ɗaya ya dawo: an kawo wuta, an kunna firij ko famfon burtsatse, sai bireka ta faɗi, gida ya yi duhu. A ɗaga, ta sake faɗuwa. Daga nan maigida ya fusata, ya aika a kira wani yaro mai filaya, ya ce, "Cire mini wannan fitinanniya, ka yi mata dairek." To, jama'a, a kan wannan ɗanyen aiki za mu tsaya, domin shi ne ke kai mutane kabari.

Birekar da muke nufi ita ce mai ɗan maɓallin gwaji a jikinta. Ku ɗauke ta tamkar makiyayi mai amana da ke tsaye a bakin garke. Da safe ya ƙirga shanun da suka fita, da yamma ya ƙirga waɗanda suka dawo. In ɗan maraƙi ɗaya bai dawo ba, ba zai kwanta ba, ko da mai shanu ya ce dare ya yi, ko da ruwa na dukansa. Ya san maraƙi ba ya ɓata a banza: ko ya faɗa rami, ko kura na kusa. Haka wannan na'ura take auna wutar da ta shiga ta waya ɗaya da wadda ta komo ta ɗayar. In ta ga giɓin miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1000 na amfiya ɗaya, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Wutar da ba ta komo ba, wata hanya ta bi zuwa ƙasa: ko jiƙaƙƙen bango, ko jikin firij, ko hannun ɗanka.

Wani zai ce ai akwai fis. Fis ɗin filogi yakan ɗauki amfiya 13 bai ƙone ba. Waya yake tsarewa daga gobara. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma abin da ke tsayar da zuciya bai kai amfiya ɗaya ba, ko kusa. Mace na wanki ƙafa ba takalmi, yaro ya tsoma hannu a bokitin da aka sa hita, sai mutum ya sandare, fis na nan lafiya lau.

Rai amanar Allah ce, haka ake faɗa a masallaci, haka ake faɗa a coci. Kai maigida da ka sa aka cire birekar don naman firiza kada ya lalace, wace amsa ka tanada? Kai kuma mai gyara da ka karɓi kuɗi ka haɗa dairek, kunya ba ta kama ka? Kada a yi sakaci sannan a ce ƙaddara.

Gaskiya ne, wani lokaci birekar takan faɗi ba wanda ya taɓa komai. Laima ce a soket na waje, ko ɓera ya ci waya a silin, ko tsohon dutsen guga, ko an haɗa janareto ko inbata ba daidai ba. Kaya da yawa a layi ɗaya ma, yoyonsu kan taru, kuma tana iya faɗuwa tun daga miliamfiya 15. Maganin mai sauƙi ne. A zare duk filogi, a ɗaga ta, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da ita, shi ne mai laifi. In ta ƙi tsayawa ba komai a jone, matsalar na cikin wayoyi, sai a nemo mai gyara da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba aikin wuta. A riƙa danna maɓallin gwaji lokaci lokaci, in an danna alhali akwai wuta ba ta faɗi ba, ta mutu, a sake wata a ranar.