Neman Aiki a Ƙasar Waje da Riƙon Abokai

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu in an tambaye mu abin da za mu yi bayan gama makaranta, sai mu ce za mu fita waje neman aiki. Wannan ba sabon abu ba ne wurin Bahaushe. Tun zamanin kakanni fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, har suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi. Amma kullum zancenmu albashi ne, ba mu tuna da mutanen da za mu zauna da su a can. Bari in ba ku labarin kakana, don mu ga ko wanne ya fi amfani.

A shekarar 1962 kakana ya tafi Kumasi ta ƙasar Gana, wani attajiri ya ɗauke shi aikin ɗaurin huhun goro. Ya ce ya yi shekara biyu a zango bai iya ko gaisuwa da harshen Tonawa ba, wato mutanen Ashanti, domin daga masallaci sai sito sai majalisar Hausawa. Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Wani manomi Batone da ke kawo musu goro ya ga bai gan shi ba, ya bi sawu har ɗakinsa, ya kai shi asibiti. Kunya ta kama kakana. Daga ran nan ya dage da koyon harshensu, suka ƙulla abota.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busiya ta ba baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su bar Gana. Mutane da yawa suka karyar da kayansu a wulaƙance. Kakana ma ba shi da takarda, amma yana da aboki. Ya danƙa masa ɗan jarin da ya tara, ya hau mota ya dawo gida. Bayan shekara uku da ya koma, ya tarar da amanarsa ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Daga baya ɗan manomin nan ya zo Kano yana kanikanci. Da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu a watan Janairu na 1983, a gidanmu ya bar kayan aikinsa.

To, me za mu koya? Na farko, kada ka zauna ƙasar wani ba da takarda ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shiga ƙasar 'yan'uwa har kwana 90 ba tare da biza ba, amma mai niyyar zama ya nemi izinin zama. Na biyu, koyi harshen masu gari ko da gaisuwa ce. Na uku, kada ka tsaya cikin 'yan garinku kaɗai. Je ka gaida maƙwabci mara lafiya, ka yi ta'aziyya, ka taya murna, wannan ba zai rage maka addini ba. Na huɗu, ka yi hankali wajen zaɓen aboki, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mu da ke makarantar kwana mun riga mun fara wannan darasi, tun da ɗaki ɗaya ya haɗa mu da yaran garuruwa da harsuna daban-daban. Wanda bai iya zama da na gadon kusa da shi ba, yaya zai yi a Kumasi ko Jidda? Allah ya haɗa mu da abokan kirki, amin.