Ganyen ƙat: al'adarsa, illarsa da maganar malamai a kansa

 Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ganye ne da ba a nomawa a ƙasarmu, amma waɗanda karatu ko fatauci ya kai su gabas sun san shi, har wasunsu kan ce ai goron mutanen can ne. Wannan magana tana buƙatar gyara.

Ƙat itace ne da ake nomawa a tuddan Yaman da na Habasha, musamman wajen Harar, da yankin Meru na Kenya inda ake ce masa mira. Daga nan ake kai shi Somaliya da Jibuti. Ɗanyen toho ake tsinka, a naɗe cikin ganyen ayaba, a garzaya da shi kasuwa a mota ko a jirgin sama, domin ƙarfinsa yakan gushe bayan kamar kwana 2. A Yaman, in an ci abincin rana, maza kan taru a ɗaki, kowa da damminsa. Tauna ganyen ake yi, a tara shi a kunci guda ana tsotsar ruwansa, sa'a 3 ko 4, wani lokaci har dare. A irin wannan zama ake sasanta rigima, a ƙulla ciniki, a yi shawarar aure. Manoma sun daɗe suna cinsa don kashe gajiya, wasu almajirai kuma don korar barci. Ba mu musun wannan.

Amma a shekarar 1975 masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun gano sinadarin da ke aiki a cikinsa, mai suna katinon, wanda dangin amfetamin ne, wato ƙwayar hana barci da doka ta hana. Abin da ke cikin goro kuwa shi ne wanda ke cikin shayi da kafe. A nan suka rabu.

Da farko mai taunawa zai ji nishaɗi, baki ya buɗe, ya ga kamar babu abin da zai gagare shi. In abin ya sake shi, sai shiru da ƙunci da rashin barci, gobe kuma ya nemi wani dammin. Zuciya takan yi saurin bugawa, jini ya hau. Likitoci sun danganta yawan cinsa da ciwon zuciya, da ciwon hanta ga wasu, da taurin bayan gida, da lalacewar haƙora da dasashi. Yana kashe sha'awar abinci, mai juna biyu da ke cinsa takan haifi jariri maras nauyi. Ga kuɗin cefane da ke tafiya wajen mai ganye, ga La'asar da Magariba da kan wuce mutum yana kishingiɗe. A wurinmu wannan ta ƙarshe ba ƙaramar illa ba ce.

Malamai sun yi saɓani tun da. Ibnu Hajar al-Haitami, malamin Shafi'iyya na Makka a ƙarni na 10 na Hijira, ya yi littafi a kansa. Da ya ga shaidar masu cinsa ta saɓa, sai ya sa shi cikin shubuhohin da ya kamata a nisanta. Da yawa daga malaman Yaman sun halatta shi, Shaihu Muhammad bin Ibrahim, tsohon muftin Saudiyya, ya haramta. Mu dai muna ganin abin da ya shige wa na farko duhu, yau likitoci sun bayyana shi, kuma kiyaye hankali da jiki da dukiya na cikin manufofin shari'a, don haka barinsa shi ne daidai.

Somaliya ta hana shi a 1983, ta janye hanin a 1989. Ingila ta hana a 2014. Maniyyatanmu kuma su sani cewa a Saudiyya ana lissafa shi cikin miyagun ƙwayoyi, wanda aka kama da shi a kayansa, ko da saƙon wani ne, shi za a hukunta.