INA ZA MU FARAUTA?

Idan kaka ta wuce, an sheme dawa, an kai amfani gida, sai hunturu ya shigo. Ciyawa ta bushe, daji ya buɗe. A wannan lokaci ne mu kan ji gangar mafarauta tana tashi a ƙauyukan Kura da na Bunkure. Samari su fito da gora da barandami, su kwance karnuka. Manya su share bindigoginsu. Sa'an nan a zauna a ƙofar gidan Sarkin Baka a yi shawara. Magana ɗaya ce a bakin kowa: bana wane daji za a nufa?

A zamanin kakanninmu wannan ba abin dogon zance ba ne, gama daji yana bayan gari. Mutum ya fita da asuba, ya komo da la'asar da barewa ko gada a kafaɗa. Tarihin Kano na dā ma ya ambaci wani ƙaƙƙarfan maharbi a gidan Dala da Barbushe, wanda aka ce da sanda ya ke kashe giwa, ya ɗauko ta a ka. Labari ne irin na mutanen dā, ba mu ce kowa ya gaskata ba. Amma ya nuna mana abu guda, watau akwai lokacin da giwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano.

Yanzu fa? Ku tsaya a bakin kwata a Kadawa ku duba gabas da yamma. Shinkafa ce, da tumatir, da albasa, da alkama, iyakar ganinku. An gama ginin madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa gonakinmu. Mun sami noman rani, mun sami abinci da kuɗi, ba kuwa mai kuka da wannan. Amma mutane sun yi yawa, gonaki sun cinye saura, an sare kurmi, bindiga ta yawaita. Babban nama ya ƙare a nan. Abin da ya rage sai zomo da gafiya da burgu da kurege. Saboda haka ne maharbi ya zama matafiyi, dole ya zaɓi inda za shi.

YADDA MASU KUƊI SU KE ZAƁA

Ba mu kaɗai ne mu ke tafiya neman nama ba. Akwai attajirai na ƙasashen Turai da Amurka waɗanda su kan hau jirgin sama su zo Afirka farauta. Sunan irin tafiyar tasu safari. Kalmar Sawahili ce, asalinta kuwa Larabci, tushensu ɗaya da kalmarmu ta safara.

Su ba nama su ke nema ba. Abin da su ke so shi ne kan dabbar, ko ƙahonta, ko haurenta, ko fatarta. Su kai gida, a gyara, a rataye a bango, baƙi su zo su gani. Dabbobi biyar ne su ka fi ɗaukaka a wurinsu: giwa, da zaki, da damisa, da ɓauna, da karkanda. A wurinmu abin da ban mamaki, mutum ya ƙetare teku ya kashe ɓauna, ya bar naman, ya ɗauki ƙaho. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da farko ba su san ƙaida ba. A 1909 Theodore Roosevelt, wanda ya sauka daga shugabancin Amurka a shekarar nan, ya sauka a Mombasa ya shiga dajin Afirka ta Gabas. Shi da ɗansa su ka harbe dabbobi 512. Ku lissafa, mutum biyu kurum. Wasu su ka bi sawunsa, aka yi ta kisa shekara da shekaru, ga kuma ɓarayin haure. Da ƙasar Kenya ta ga abin zai ƙare, sai ta hana farautar manyan dabbobi ɗungum a 1977. Ƙasar Botsuwana ta hana a 2014, ta sake buɗewa a 2019. Tanzaniya da Namibiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu kuwa sun bar ƙofa a buɗe, amma da sharuɗɗa.

To, ga abin da mu ke so ku lura da shi. Baturen da zai zo farauta a yau ba ya fara da tambayar ina nama ya fi yawa. Abin da ya ke fara tambaya shi ne, wace ƙasa ce ta yarda a yi? Wane wata ne aka buɗe daji, wane wata aka rufe? Dabba nawa hukuma ta ce a harba bana a wannan yanki? Sai ya biya kuɗin lasisi, ya biya kuɗin kowace dabba daban. Ba ya shiga daji shi kaɗai. Dole ya bi bayan maharbin da hukumar ƙasar ta sani, da masu bin sawu 'yan wurin. Yawanci tsohon namiji a ke nuna masa, ba mace mai ɗa ba. Bayan wannan ba zai fita da ƙaho ko fata daga ƙasar ba sai da takarda, gama ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a kan cinikin namun daji a 1973, Nijeriya tana ciki.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A 2014 wani mutumin Amurka ya biya dala 350,000 don a ba shi izinin harbin karkanda guda ɗaya a Namibiya. Masu goyon bayan abin sun ce da irin wannan kuɗi a ke biyan masu gadin daji, a ba ƙauyuka rabonsu, naman kuma mutanen wurin ne su ke ci. Masu ƙi sun ce sau da yawa kuɗin ba ya isowa hannun talaka, a hanya ya ke maƙalewa. Mu da mu ka san yadda rabon taki ya kan kasance, ba za mu yi saurin ƙaryata su ba. Kuma ba kullum ne a ke bin ƙa'ida ba. A 2015 an harbe wani sanannen zaki mai suna Cecil a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabuwe, duniya ta ɗauka da surutu.

Ba mu kawo labarin nan don mu ce ku yi koyi da su a kome ba. Abu ɗaya mu ke so mu ara: kafin su ɗaura kaya, sun san dajin wane ne, sun kuma nemi izinin mai shi.

FALGORE

Yanzu mu komo gida. Daji mafi girma da ke kusa da mu shi ne Falgore, wanda dā a ke kira gandun Kogin Kano. Hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta cikinsa. Ya taɓa ƙasar Tudun Wada, da Doguwa, da Sumaila. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Ma'anar wannan ita ce ba a farauta a ciki, ba a saran itace, ba a sa wuta.

Mun sani akwai mai cewa a ransa, daji na Allah ne, wa zai hana ni? To, ɗan'uwa, tsaya ka ji. Ruwan da ka ba shinkafarka jiya, daga ina ya fito? Daga kwata. Kwata daga ina? Daga Tiga, ya biyo ta Ruwan Kanya. Tiga kuwa Kogin Kano ne ya ke cika ta, shi kuma kogin ta cikin Falgore ya biyo. Itatuwa da ciyawar dajin nan su ne su ke riƙe ƙasa. Idan ruwan sama ya sauka, su kan tare shi, ya nutse, ya riƙa gangarowa a hankali. Maharbin da ya sa wuta don ya kori zomo, ya ƙone ciyawa da ƙananan itatuwa, ya bar ƙasa tsirara. Damina ta zo, ruwa ya kwashe ƙasar ya zuba a kogi, kogi ya kai ta Tiga. Yashi da laka su taru a gindin madatsa, wurin zaman ruwa ya ragu. Ba a shekara ɗaya a ke ganin ɓarnar ba, shi ya sa mutane ba su damu ba. Amma wanda gonarsa ta ke ƙarshen kwata, shi zai fara ji a jikinsa. Sau da yawa kuwa maharbin da manomin mutum ɗaya ne.

YANKARI

Wanda ya ke so ya ga babban nama da idonsa, sai ya tafi Yankari a ƙasar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Daga Bauchi a kan bi hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji. Akwai giwa, da ɓauna, da gwanki, da dorina, da kada. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen rani, sa'ad da ruwa ya janye, dabbobi su ka taru a bakin Kogin Gaji. Amma da ido a ke zuwa, ba da bindiga ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta tsare wasu dabbobi, dokar tarayya ta 1985 ta ƙara tsare waɗanda su ke shirin ƙarewa. Wanda aka kama da haure ko fatar damisa, kotu zai nufa.

Hani yana da amfani kuwa? Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. A 1996 raƙuman dawa da su ka rage a wajen Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba, su ne kuma na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma. Hukuma da mutanen ƙauyuka su ka haɗa kai su ka bar su. Cikin shekara 25 sun haura 600.

TAFIYA KUDU

Tun da kusa ba nama, gandu kuma an hana, maharbanmu da yawa su kan bi manyan motoci su gangara kudu, inda kurmi ya ke da sauran nama. Su yi wata biyu ko uku, su sayar da abin da su ka samu, su komo da kuɗin taki da na Salla. Sana'a ce ta halal, gadonsu ce kuma. Amma a nan ne haɗari ya fi yawa, ba kuwa daga dabba ba.

Ba wanda ya manta da abin da ya faru a watan Maris na 2025. Wasu maharbanmu sun taso daga Jihar Ribas a cikin babbar mota, za su zo gida ƙaramar Salla. Da su ka iso Uromi a Jihar Edo, 'yan banga su ka tsai da motar. Aka ga bindigogi ƙirar gida, aka ce masu satar mutane ne. Taron jama'a ya far musu, aka kashe mutum 16. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙasar Bunkure ne, Torankawa ta fi kowa rashi. Allah ya jiƙansu.

Laifin wannan kisa yana wuyan waɗanda su ka yi shi. Ba wanda ya ke da ikon kashe mutum a kan zato, ko me aka gani a hannunsa. Ba mu kuma ce takarda za ta tsai da mai mugun nufi ba. Amma mu da mu ka rage, za mu ci gaba da tafiya, dole mu san irin zamanin da mu ke ciki. Satar mutane ta sa tsoro a ko'ina. Baƙo mai bindiga, wanda ba ya jin yaren gari, ba a kuma san shi ba, kowa kallon ɓarawo ya ke yi masa. A Bunkure kowa ya san Sarkin Baka, yara suna yi masa kirari. A can kuwa ba wanda ya san shi. Giwa a garin wani zomo ce.

Saboda haka idan an zauna shawarar inda za a nufa, kada a fara da zancen yawan nama. A fara da cewa, wa mu ka sani a can? Akwai Sarkin Hausawa a garin? In akwai, a aika masa tun kafin a tashi, shi ya kai ku wurin sarkin garin da ofishin 'yan sanda, a san da zuwanku, a nuna muku dajin da aka yarda ku shiga da wanda ba a yarda ba. Wasu kurmin na tsafinsu ne, wasu gonar wani ce, wasu gandun hukuma ne. Matambayi ba ya ɓata. Kowane mutum ya riƙe lasisin bindigarsa, da katin ƙungiyar maharba, da takardar dagaci ko hakimi mai ɗauke da sunansa da garinsu. A sa su a leda saboda ruwa, a ajiye a aljihun riga, ba a ƙasan buhu ba. A bar kwafi a gida, tare da sunayen dukan waɗanda su ka tafi da lambar wayar mai masauki. Garin da ba ku da mai masauki a cikinsa, ko an ce ɓauna tana kwana a kasuwa, ku wuce shi.

Dawowa ma tafiya ce, ita ce kuwa ta ci mutanenmu. Ranar tashi a koma wurin 'yan sanda a yi sallama, a nemi shawararsu a kan hanya da yadda za a ɗauki bindigogi. A juye harsashi, a ɗaure su wuri guda, a gaya wa direba abin da ya ɗauka. Idan an zo shingen bincike, babba ɗaya ya sauka da takardu ya yi magana, saura su zauna.

TAMBAYOYI

1. Ta ina ruwan Kogin Kano ya ke biyowa kafin ya iso gonarka?
2. A wace shekara aka buɗe Yankari ga masu ziyara? Shekara nawa ke nan zuwa bana?
3. Rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga Sarkin Hausawan wani gari, ka gaya masa ku nawa ne, da ranar da za ku iso.